Gida mai wayo ba sai da manhajar waya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah a bani ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rubutun da kuka buga kwanakin baya game da kayan gida na zamani, irin su kwan fitila da soket da fanka da ake kunnawa daga nesa. Rubutun yayi kyau wallahi, sai dai tun daga farko har ƙarshe maganar waya ce kawai, kamar in babu manhaja shikenan babu wata hanya. Toh a nan ne na ɗan saɓa da marubucin.

Ka duba fa Malam Edita, mutum ya shigo ɗaki cikin duhu yana son haske, sai ya lalubo waya a aljihu, ya buɗe ta, ya nemo manhajar cikin tulin manhajoji, ya tsaya tana juyawa tana lodi, sannan ya danna, alhali makunnin bango dannawa ɗaya ne an gama. Baƙo fa? Yara fa, da dattijon da bai damu da waya ba? Kowa sai ya sauke manhaja kafin ya kunna fitilar banɗaki kenan?

Abinda na ga yana warware wannan shine rimot na hannu da ƙaramar kwamfuta a tsakiya. Akwai Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012, faɗinta bai wuce katin banki da komai ba kuma bata cin wuta sosai, sai a ɗora mata Home Assistant, manhaja ce kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013. Kwamfutar tana zaune a lungu tana sauraro, ka danna rimot ta karɓi saƙon ta duba umarnin da ka rubuta mata ta aika wa fitila ko fanka, duk a cikin gidan, saƙon baya fita waje balle ya jira intanet. Kuma maɓalli ɗaya zai iya aiki uku, dannawa ɗaya fitila, dannawa biyu fanka, in ka riƙe shi ya kashe komai na falo a tafi barci.

Amma rimot suna suka tara. Irin na talabijin da haske yake aiki, hasken da ido baya gani, in kana so ka tabbatar ka saita kan rimot ɗin a kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi zaka ga ɗan kwan yana ƙyaftawa. Matsalarsa dole sai ya kalli abin karɓar saƙon, bango ya tare shikenan. Sai masu aiki da zangon rediyo na megahaz 433, waɗannan suna ratsa bango ba laifi, amma da yawansu lamba ɗaya suke ta maimaitawa duk dannawa, wanda ya san kan abin zai iya ɗaukar lambar ya sake aikata, dan haka fitila da fanka babu damuwa amma kar wanda ya kuskura ya haɗa shi da makullin ƙofa.

Ni dai Zigbee na fi so, wani tsarin rediyo ne da kayan gida masu wayo suke magana da juna dashi, kuma zan faɗi dalili. Rimot ɗin barci yake sai an danna shi ya farka, shi yasa ɗan batirin nan mai faɗi yake daɗewa sosai kafin a canza. Sannan kayan Zigbee da ke jone da wuta kullum, irin soket da kwan fitila, suna miƙa wa juna saƙo, kaga ɗakin da yake can ƙurya ma saƙon yana kaiwa in akwai soket a hanya. Abinda ake buƙata kawai ɗan sandan USB na Zigbee a jikin kwamfutar. Nan akwai wani abu da yake wahalar da mutane sosai, in ka soka sandan kai tsaye kusa da ramin USB 3 sai kaga rimot yau yayi gobe yaƙi, saboda ramin yana fitar da hayaniya a zangon gigahaz 2.4 inda Zigbee da waifai suke, maganin kawai ka samo igiyar ƙari ka nesanta sandan da kwamfutar kamar kamu ɗaya ko biyu, sai kaga komai ya daidaita. Mutum sai ya canza batir ya canza rimot yana zargin kayan banza ne, ashe igiya ce kawai.

Wani zai ce ai wahala ce, me zai hana in sayi na kamfani da yazo a haɗe? Toh a tuna da Revolv, wani akwatin sarrafa kayan gida, kamfanin Nest ya kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfani da akwatin ya dogara da ita ta intanet, a 2016 akwatunan mutane suka zama kwali, haka kamfanin Insteon mai irin waɗannan kaya a watan Afrilun 2022 masu amfani da kayansa suka wayi gari manhaja bata aiki ba tare da sanarwa ba. Duk abinda sai ya je sabar wani ya dawo kafin fitilarka ta kama, ranar da mai sabar ya gaji kai ma ka shiga duhu.

Ba wai nace kwamfutar bata da nata ba. In wuta tana yawan ɗaukewa ba zato, katin memorin da take aiki dashi yana iya lalacewa, dan haka a riƙa adana kwafin saitin a wani wuri, in da hali a sa mata ɗan batirin ko-ta-kwana. Kuma Zigbee yana bada damar a ɗaura rimot da kwan fitila kai tsaye, ko kwamfutar ta mutu fitilar zata kama, wannan kam ayi shi a ɗakin kwana da banɗaki tun ranar farko. Makunnin bango kuma a barshi a kunne, dan kwan fitila mai wayo in an yanke masa wuta daga bango baya jin kiran kowa.

Ina roƙon a miƙa wa marubucin wannan, in zai sake rubutu ya taɓo mana Matter, tsarin da ya fito a 2022 dan kayan kamfanoni daban daban su riƙa jin yaren juna, ya kuma faɗa wa masu saye su riƙa tambaya tun kafin su biya ko abin yana aiki in babu intanet.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.