Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Antoni Janar na Tarayya Kuma Ministan Shari'a Kan Wa'adin Bashin Magina

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ƙaramin ɗan kwangilar gine-gine ne a Abuja, kuma na rubuto ne kan dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara a Babban Birnin Tarayya, wadda ta ba mai bin bashin yarjejeniya shekara 6 kacal daga ranar da biyan ya wajaba, bayan haka kotu ba za ta saurare shi ba, ko da mai gida bai musanta bashin ba.

Ranka ya daɗe, akasarin birkiloli da kafintoci da masu fenti da ke fitowa daga Mararaba da Nyanya da asuba ba su taɓa jin wannan doka ba. Mun taso ne da sanin cewa bashi hanji ne, kuma a Musulunci haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ya daɗe. Shi ya sa idan mai gida ya ce "ka ƙara haƙuri, ƙarshen wata," sai mu ƙara, kunya ta hana mu matsa masa.

Na taɓa rufa wa wani mutum gida a Kubwa, na ranto kuɗin kwano da katako na biya leburori daga aljihuna. Ya tare da iyalinsa, ya zuba 'yan haya a ɗakunan baya, ni kuwa duk zuwan da na yi sai a ba ni ruwan sanyi da alkawari. Da na gaji na je wurin lauya, tambayarsa ta farko ita ce ko mutumin ya taɓa amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani ɓangare, domin waɗannan ne ke sabunta lissafin wa'adin. Alkawarin baki, wanda shi kaɗai nake da shi, ba ya tsayar da komai.

Ina roƙon ofishinka ya gabatar wa Majalisar Tarayya gyaran da zai fayyace cewa saƙon waya ko na WhatsApp da mai gida ya amsa bashi a ciki ya isa ya sabunta wa'adin, tunda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya riga ya karɓi hujjar da ta fito daga kwamfuta. Kafin a kai ga haka, a bayyana wannan wa'adi da Hausa a gidajen rediyo, a kuma bi ta ƙungiyoyin magina, domin a can ne maganar za ta isa kunnen masu ɗaukar bulo.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan kwangila daga Kubwa