Wasiƙa zuwa ga Habu a jihar Ohayo ta Amurka

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi.

Na kalli bidiyon da ka turo mini, na mutumin nan da ke rantsuwa cewa kotunan Amurka duk na dokar teku ne, wai tunda tutar da ke bayan alƙali tana da geza ruwan zinare, ba shi da hurumin hukunta wanda ke kan tudu. Don girman Allah, Habu, kada ka je gaban alƙali da wannan zance a kan tarar gudun mota.

Dokar teku kam akwai ta. Tsarin mulkin Amurka ya danƙa shari'o'inta ga kotunan tarayya, mu ma nan Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron su a ƙarƙashin wata dokar teku ta shekarar 1991. To amma me ake kaiwa? Jirgin ruwa ya yi karo da wani jirgin, kaya sun lalace a hanya, an hana ma'aikatan jirgi albashi. Har jirgin kansa kotu ke tsarewa a tasha sai mai shi ya ajiye jingina. Ina ruwan wannan da tirelarka? Gezar kuwa ado ce kawai, kuma alƙalai sun sha yin fatali da wannan hujja.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tushen maganar. Ta samo asali ne daga Posse Comitatus, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe da Yahudawa da biyan haraji, a shekarun 1970. Yau ga shi baƙar fata ake tallata wa ita. A 2012 wani alƙali a Alberta ta Kanada, John Rooke, ya bi dabarun nan ɗaya bayan ɗaya a cikin dogon hukunci, ya nuna masu sayar da su ne kaɗai ke cin riba. Ka tuna Darrell Brooks, wanda ya kashe mutum 6 da mota a jihar Wisconsin ta Amurka? A 2022 ya sallami lauyoyinsa, ya yi ta musun hurumin kotu, yana cewa sunan da ke takarda ba shi ba ne. Ɗaurin rai da rai sau 6 ya sha.

Kai kuma baƙo ne, da lasisin babbar mota kake ci, kake turo wa Inna. In ka ƙi zuwa kotu, ana iya dakatar da lasisin, a ba da sammacin kama ka. Ka je ranar da aka sa maka. In kana ganin an zalunce ka, ɗauki lauya na gaske, in ba haka ba ka biya tarar ka huta.

Ka gaida uwargida. Malam Isa yana tambayar ko za ku zo babbar salla.

Naka,
Sani