Amsa ga Alhaji kan harajin gidajenmu a Chicago

Alhaji, barka da war haka.

A gaban taron ƙungiyarmu ka miƙe ka tambayi abin da ya hana ni kai ƙarar ƙiyasin harajin gidajen mutanenmu kotun tarayya, ka kuma ɗora da cewa, "ko dai lauyan namu ya lashi wani abu ne?" Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a wuya. Shekara da shekaru ina cike wa 'yan uwa takardu, wasu ko kuɗin mai ban karɓa ba, yau a bakinka aka ji an saye ni.

Ba ni na rufe ƙofar ba, ranka ya daɗe. Tun 1937 Majalisar Dokokin Amurka ta hana kotunan tarayya dakatar da ƙiyasi ko karɓar haraji irin wannan, muddin kotun jiha na da hanya bayyananniya, mai sauri, mai biyan buƙata. Ka san saurin da ake nufi? A 1981, a shari'ar Rosewell, wadda ta taso daga nan gundumar Cook, Kotun Ƙoli ta amince mutum ya biya tukuna, ya jira kusan shekara biyu a mayar masa da rararsa ba ko sisin ruwa a kai, kuma wai an yi sauri. A shekarar dai, shari'ar McNary daga jihar Missouri ta toshe hanyar neman diyya kan irin wannan haraji a kotun tarayya.

Hukuncin 2020 na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da kake ta kaɗawa a iska, na karanta shi, har ƙarshe ma. An buɗe wa masu ƙarar ƙofar kotun tarayya ne saboda dokar Illinois ta hana su tuhumar yadda mai ƙiyasi ya yi lissafinsa, bayan sun haura shekara goma a kotun jiha. "Harajina ya yi yawa" kaɗai ba ya shigar da kowa.

Zalunci akwai. Binciken jaridar Chicago Tribune na 2017 ya nuna an fi lafta wa ƙananan gidajen talakawa. Amma duk shekara uku ake sake ƙiyasi, takarda ta zo, mutanenmu su cusa ta cikin durowa har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, masu dogayen benaye kuwa lauyoyinsu ba sa fashi. Sau biyu na kira zama kan wannan. Ban ga hularka ba, amma lokacin zaɓen shugaban ƙungiya bai matso ba.

Ranar Asabar ina ofis. Ka taho da takardar gidanka.