Wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da fitilar filas

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na fito da wannan magana bainar jama'a ne don duk saƙon da na aiko muku ta imel amsa ɗaya yake dawowa da ita, wadda daga gani na'ura ce ta rubuta: a cire batir, a mayar, a sabunta manhaja. Duk na yi, ba abin da ya sauya: fitilar filas ɗin da na saya a wurinku ba ta yin abin da kwalinta ya nuna.

Sana'ata ɗaukar hoton masu wasan zamiyar ƙanƙara, kuma yawancin aikina ba a kan tsaunuka nake yin sa ba. A gangaren da mutum ya gina nake yi. Wasu an shimfiɗa musu tabarmar roba mai gashi, irin su Dendix da Snowflex, ana fesa mata ruwa don ta yi santsi. Wasu kuma rufaffun zauruka ne da inji ke zuba wa dusar ƙanƙara, irin wanda aka buɗe a Dubai a 2005. 'Yan wasa sukan zo atisaye da yamma, bayan an tashi daga aiki da makaranta, ƙarƙashin fitilun da iyakarsu nuna hanya. Shi ya sa na sayi fitilarku. A jikin kwalinta akwai hoton ɗan wasa a sararin sama, ya tsaya cak, har kana iya ƙirga ɓarɓashin ƙanƙarar da ya tashi daga ƙafarsa. Kusa da shi kuka buga lamba da manyan baƙi, wai ga gajartar walƙiyarta, wadda ita ce ke tsayar da motsi cak a hoto.

Ban ce lambar ƙarya ce ba, amma an yi mata kwalliya har sau biyu. Injiniyoyinku sun san ma'auni biyu ake da su. Na t.5 yana auna lokacin da hasken ya ɗauka yana sama da rabin ƙarfinsa, na t.1 kuwa yana bin sa har ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma. A cikakken ƙarfi, na biyun kan ninka na farkon kamar sau uku, kuma wannan wutsiyar hasken da t.5 ke ƙyalewa ita ce ke ja wa hoto dishi-dishi. Kuka ɗauki t.5. Sannan kuka auna shi a mafi ƙanƙantar ƙarfi, alhali fitila irin taku tana rage ƙarfi ne ta hanyar katse walƙiyar, don haka dole ta fi gajarta a can ƙasa. Ba kwali ba, ba shafinku na sayarwa ba, babu inda aka faɗi wannan.

To, wa zai yi aiki da mafi ƙanƙantar ƙarfi a gangaren zamiya? Ba mai barin ka dasa ƙafar fitila a kan hanyar 'yan wasa, kuma da gaskiyarsu. Bayan raga ake tsayawa. Haske kuwa idan tazara ta ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa ga mutum. Sai ka ƙara ƙarfi, walƙiya ta yi tsawo, abin da ka saye ta dominsa ya tafi. Lissafin ba shi da wuya: wanda ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a sakan ɗaya, a cikin 1/250 na sakan ya matsa santimita 4. Na liƙa muku hoton wata yarinya da ta yi tsallen da ta daɗe tana nema. Ku buɗe shi sosai. Bakin katakon zamiyarta ya zama biyu, lambar da ke ƙirjinta ba ta karantuwa, igiyar tabaranta ta narke cikin hularta. Mahaifinta ya daɗe yana kallon allon kyamara, sannan ya ce, "Ba komai, ai an gane ita ce." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A amsarku ta ƙarshe an ba ni shawarar kunna HSS, wato tsarin da ke barin filas ta yi aiki ko da an ɗaga saurin labulen kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga. Wanda ya rubuta bai taɓa tsayawa a gindin gangare da dare ba. Yawancin kyamarori ba sa haɗa baki da filas idan saurin labulensu ya wuce 1/200 ko 1/250, HSS kuma tana tsallake wannan ne ta hanyar rarraba hasken zuwa ƙananan walƙiyoyi a jere yayin da labulen ke wucewa. Kaso mai yawa na ƙarfin a nan yake ɓacewa. Ga wanda tazara ta riga ta cinye masa haske, wannan an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ban da haka, wasu fitilun filin suna ƙyaftawa sau 100 a sakan inda lantarki ke kan 50 Hz, da ka ɗaga saurin labule sai launin bayan hoto ya riƙa sauyawa daga ɗauka zuwa ɗauka.

Sai maganar sanyi. A can ƙarshen littafin bayani, da ƙananan baƙi, kun ce fitilar tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. Zauren dusar ƙanƙara ƙasa da sifili ake riƙe shi, in ba haka ba ta narke. A ciki, alamar batir takan faɗo daga cike zuwa layi ɗaya tun atisaye bai yi nisa ba, jiran caji tsakanin walƙiya da walƙiya ya yi ta tsawo, ɗan wasa ya tashi ya sauka fitila ba ta ce uffan ba. Na san batirin litiyam na kowane kamfani yana rauni a cikin sanyi, ban ɗora muku laifin wannan ba. Abin da na ɗora muku shi ne manna hoton ƙanƙara a kwalin abin da ku da kanku kuka rubuta cewa ba na ƙanƙara ba ne. Da na ambaci wannan, ma'aikacinku ya ce amfani da ita a wajen wannan iyaka ya ma soke garantina.

Ina neman ku karɓi fitilar ku mayar mini da kuɗina. Tana nan da kwalinta da rasiɗinta, ko ƙwarzane babu. Ina kuma neman ku buga ma'aunin t.1 na kowane matakin ƙarfi a shafin sayarwa, inda mai saye zai gani kafin ya biya, ku fito da iyakar sanyin nan ta zauna a jikin kwali. Idan kuma kuna kan bakanku cewa da wannan fitilar aka ɗauki hoton da ke kwalin, ku faɗi ƙarfin da aka sa ta, da tazararta da ɗan wasan, da guda nawa aka haɗa. Zan je in gwada yadda kuka ce, in kuma wallafa sakamakon a nan ko da ni ya ƙaryata.

Ina sauraron amsar da mutum ya rubuta da hannunsa.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoton wasanni