Sanarwa: Muna neman masu riƙon jariran mage

Assalamu alaikum ƴan uwa. An sake tsinto jariran mage a cikin kwali, ba uwa, ko ido ba su gama buɗewa ba. Muna neman wanda zai riƙe su a gida har su kai mako 8, lokacin da za a miƙa su ga masu so.

Aikin akwai hana barci, gara ku sani tun yanzu. Duk bayan awa 2 zuwa 3 sai an ba su madarar ƴan mage da ƙaramin sirinji, har cikin dare. Don Allah ban da madarar shanu, gudawa take sa su. A ba su suna kwance rub da ciki, kada a ɗaga su rigingine, za su shaƙe. Bayan sun sha a goga musu gindi da auduga mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kansu. Ga sanyin hunturu, a naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye musu.

Mai mage a gida ya ware su ɗaki daban na mako 2, har likitan dabbobi ya duba su. Mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashinsu.

Wanda zai iya ya yi magana a nan kafin magariba.