Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya haɗa mini injin tsere a Teksas

Zuwa ga Manaja,

Yallaɓai, bayan gaisuwa. A kan injin da kuka haɗa mini, wanda ya lalace ranar gwaji, sau uku ina aiko muku da imel, sau biyu na tako da ƙafata, kullum amsar ɗaya ce, wai laifin wanda ya saita kwamfutar injin ne. Shi ya sa na fito da maganar fili. Na rubuta da Hausa saboda yaranmu masu aikin gareji a Dalas da Hustan, waɗanda ni da bakina na ce su riƙa kawo muku aiki. Ban kama sunanku ba don ina so mu rabu da mutunci, amma kun san kanku, su ma sun san ku.

Ni bakanike ne, a Ƙofar Ruwa ta Kano na fara riƙe sifana. Da na zo ƙasar nan sai tseren miƙaƙƙen layi ya shiga raina: mota biyu a jere, fitila ta ba da kore, a taka rubu'in mil, wato mita 402, shi ke nan an gama. A filin Texas Motorplex na garin Ennis nake gwada tawa, kuma na daɗe ina maƙale a daƙiƙa 11. Burina in sauko ƙasa da 10. Dokar NHRA, hukumar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, ta ce wanda zai yi 9.99 ko ƙasa da haka sai da cikakken kejin ƙarfe a motarsa da lasin tsere. Kejin na riga na sa an walda, injin kaɗai ya rage.

Na kawo muku bulok na ƙarfe, samfurin LQ4 mai lita 6.0, wanda na ciro daga tsohuwar motar Silverado. Muka yi da ku za ku faɗaɗa silinda zuwa inci 4.030, ku sa kirankishaf mai tafiyar inci 4.000, injin ya koma kusan lita 6.7, ku haɗa fistan da ringi da metal, ni in ɗora top da sauran a garejina. A takardar oda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa turbo zan sa masa, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Na kuma biya ƙarin dala 450 na awo, kuka ba ni takarda mai hatiminku da ke nuna ratar kowane ringi da kowane metal.

Duk rigimarmu a kan ratar ringi take, don haka bari in yi wa yaran bayani, ku kun sani. Ringin fistan ba a rufe yake ba, akwai 'yar rata tsakanin bakinsa biyu. Idan ya ɗauki zafi sai ya miƙe, ratar ta tsuke. Injin turbo ya fi wanda ba shi da turbo zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake goge bakin ringin a buɗa ratar, wajen inci 0.006 zuwa 0.007 ga kowane inci na faɗin silinda. In ba a yi ba, bakunan su haɗe, ringin ya rasa inda zai je, ya cije jikin silinda, ya ɓalle leɓen fistan. Takardarku ta ce 0.026 a ringin sama na duk silinda takwas. Lissafin ya yi daidai, na kwanta da hankalina.

Ranar gwaji muka ɗora shi a kan daino, na'urar auna ƙarfin inji. Muka bar shi ya yi ɗumi, ringi suka zauna, muka canza baƙin mai. Ja na farko da na biyu lafiya lau. A na uku, da iskar turbo fam 12 kacal, yana kaiwa juyi 5,800 a minti sai muka ji wani ƙas, hayaƙi ya turnuƙo ta bututun numfashi, mai daino ya kashe da sauri. Ɗana na tsaye bayan gilashi da waya yana ɗauka don ya tura wa kakarsa.

A daren na kwance shi. Leɓen fistan na lamba 7 ya ɓalle kamar an gutsuri ƙuli-ƙuli, gutsuren ya yi wa top da bawul rotse. Bakunan ringin kuwa sun yi sheƙi kamar madubi, alamar sun daɗe suna gugar juna. Sai na zare ringin sauran bakwai, na zura kowanne a silindarsa, na daidaita shi da kan fistan, na sa fila gej, ma'aunin rata. Wannan 0.016, wancan 0.017, babu wanda ya kai 0.018. Na ɗaga su a fitila, babu ko kurjin goga ɗaya, baƙin rufin masana'anta na nan a bakinsu. Yadda suka fito daga kwali haka aka zura su. To wa ya auna 0.026 ɗin da ke takardarku, kuma a jikin wane inji?

Kun ce mai ne ya yi ƙaranci, wuta ta tashi kafin lokaci. Na san lamba 7 ta yi ƙaurin suna wajen zafi a injin LS, wato dangin wannan nawa, ba zan musa ba. Sai dai rahoton daino ya nuna iska kashi 11.5 ga mai kashi 1, taimin digiri 14, da man tsere a tanki, wato man bai yi ƙaranci ba. Fulogi takwas suna nan a jere a kwali, babu ɗigon alminiyam a kan ko ɗaya, wanda shi ne alamar wuta ta tashi kafin lokaci. Mu ɗauka ma saitin ne ya kashe lamba 7. Shi ne kuma ya tsuke ratar sauran bakwai?

Sannan kuka nuna mini layin da ke ƙasan rasit, cewa kayan tsere ba su da garanti. Na yarda da shi. Masu motocin Top Fuel, manyan motocin wannan tsere, da ke fitar da ƙarfin doki kusan 11,000 bayan kowane gudu suke kwance injinsu, kowa a harkar nan ya san ƙarfe yana karyewa. Da na ƙure turbo ne konrod ya leƙo ta gefen bulok, wallahi ba za ku ji bakina ba. Amma layin nan bai ba ku izinin karɓar kuɗin awo ku rubuta lambar da ba ku auna ba.

Gaskiya ɗaya ce, sauran aikinku ya yi kyau. Ratar metal na same ta 0.0025 yadda kuka rubuta, gugar silinda ta fita, kirankishaf ba ya rawa. Ni ma ina da nawa laifin. Maigidana na Ƙofar Ruwa, Allah ya jiƙansa, ko sabon metal aka kawo masa sai ya gwada da hannunsa. Ni na ga hatimi na saki jiki.

Abin da nake nema shi ne ku sauya fistan da ringi, ku sake goge silinda ta 7 in za ta gogu, ku gyara top ɗin, ku mayar mini da dala 450 da kuɗin daino. Ringin wannan karon a gabana za a goge su. Ku kuma kira duk wanda kuka haɗa wa inji a watan da kuka haɗa nawa, domin biyu daga cikinsu yarana ne, kuma na ce kada su tayar da injin sai mun buɗe.

Na ba ku kwana 14. In ban ji daga gare ku ba, zan kai fistan ɗin da ringin da takardarku ƙaramar kotu, wadda a Teksas take sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba. Lambata tana kan rasit ɗinku.

Naku,
Bakanike ɗan Kano, mazaunin Dalas