Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi Kan Halin Da 'Yan'uwanmu Na Kan Dutse Ke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da rinjaye. Bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya'ya ga ubansu, mu ne talakawanka mazauna Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, waɗanda iyayenmu da ƙannenmu ke zaune a wani ɗan zango a kan duwatsun ƙasar Mampong. Sunan ƙauyen da sunayen masu sa hannu suna jikin takardar da dattawanmu za su miƙa a fada. Muna neman afuwa idan harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, domin muna rubutu ne ana cikin zaman makoki.

Ranka ya daɗe, a daren Talatar da ta wuce naƙuda ta kama wata 'yarmu, cikinta na fari. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, da ta ga jini ya ƙi tsayawa sai ta ce a fita da ita. To, a fita da ita ta ina? Ruwan Oktoba ya riga ya cinye hanyar, kwalbatin da ke kan rafi ya karye tun babbar damina, ko aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba ta iya hawa. Wani yaro ya hau kan falalen dutsen da mutanen ƙauyen ke hawa idan suna neman sabis na waya, ya yi ta kiran 112 cikin ruwa har aka ɗauka. Motar asibiti ta taso, ba mu ga laifin direbanta ba, amma inda kwalta ta ƙare nan ta tsaya. Sai samari suka ɓalle ƙyauren ɗaki, suka kwantar da ita a kai, suka kama gangaren dutse cikin duhu da santsi, uwarta na biye da fitilar hannu tana salati. Kafin su kai ga motar rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka suka juyo da ita a kan ƙyauren nan, aka yi mata sutura da safe.

Mun san kwana ne ya ƙare, ba ma ja da ikon Allah. Amma Allah ya taimaki Sarki, da aka buɗe jakarta katin inshorar lafiya na ciki, bai ƙare ba. Tun 2008 gwamnati ta ce awon ciki da haihuwa kyauta ne ga mai wannan katin. A 2020 an raba motocin ɗaukar marasa lafiya, kowace mazaɓa ta samu, an kuma sa wa shekarar suna shekarar hanyoyi. Duk mun ji a rediyo, mun yi murna tare da kowa. Yarinyar nan ta yi duk abin da aka ce ta yi. Abin da ya rage tsakaninta da likita 'yar hanya ce da mai lafiya ke takawa da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, ita ce aka kasa gyara mana tun muna yara. Ba ita ce ta farko ba, kuma akwai wasu mata masu tsohon ciki a ƙauyen yanzu haka.

Ba za a ce ba mu yi magana ba. Mun rubuta takardu, mun je ofisoshi, an ba mu kujera an ce a dawo. Odikron ƙauyen, wato dagacinsa na Asante, wanda kakanninsa suka ba kakanninmu masauki, shi ma ya gaji da zirga-zirga, don wahalar ba ta ware Asante ko Bahaushe ko mutumin Arewa da ya zo noma. An taɓa kawo gireda gab da wani zaɓe, ta kankare jar ƙasa ta tafi, ruwan farko ya wanke aikin. Wani ɗan kwangila ya jibge yashi da duwatsu, ciyawa ta rufe su. Ɗakin shan magani na karkara da aka soma ya tsaya a kan taga, awaki ke kwana a ciki. Mun manta wanne ya riga wanne, don alkawuran sun yi kama da juna. Abin da ba mu manta ba shi ne, ranar zaɓe akwatin ƙuri'a bai taɓa kasa hawa dutsen nan ba.

Zaki, mutanen nan ba baƙi ba ne, ba kuma malalata ba ne. Kakanninsu fatake ne da suka bi tsohuwar hanyar goro, daga Kumasi ta Mampong da Ejura da Atebubu har Yeji a tsallaka zuwa Salaga, wasu suka yada zango a kan dutsen suka kama noma. Ƙasar tana da sanyi da albarka. Rogo da makani da ayaba da masara da karas da kabeji, har da ɗan koko a kwari, duk suna yi. Mu da muke kasuwar Kejetia a Kumasi mun san kuɗin buhun karas a nan, mun kuma san abin da ake ba manomin a can. Mai saye ya san idan bai ɗauka ba kayan ruɓewa za su yi, sai ya yi tayin wulaƙanci. Wanda ya ƙi sayarwa sai matarsa da 'ya'yansa su ɗauko a ka zuwa bakin titi. Shi ya sa 'yan matanmu ke gangarowa birni suna dako a kasuwa, samari kuma suna bin ramukan galamse, wato haƙar zinare ta bayan fage, mu ne kuma muke karɓar su a ɗakunanmu na haya.

Makaranta kuwa, malamin da aka turo ba ya daɗewa, kuma wa zai zarge shi? Babu wuta, babu ruwan famfo, daga rafi ɗaya ake sha da wanki. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce, amma sai yaro ya ci jarrabawar ƙaramar tukuna, ta yaya zai ci ba malami?

Saboda haka muke durƙusawa gaban Sarki. Mun san ba kai ke riƙe da kuɗin hanya ba, amma ƙofar da ba ta buɗe mana tana buɗe maka. Muna roƙo ka kai kukanmu fadar Manhyia, gaban Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II, kasancewar ƙasar tana ƙarƙashin inuwarsa. Muna roƙo ka sa baki wurin mahukuntan yanki a gina kwalbatin nan kafin ruwan Afrilu, a zuba tsakuwa a kan gangaren. Ba mu ce kwalta ba, Allah ya taimaki Sarki, tsakuwa muka ce. A rufa wa ɗakin shan maganin kwano, a turo ma'aikaciyar jinya ko da guda ce, mu za mu ba ta ɗaki da abinci. Dokar asusun raya zango da aka yi a 2017, muna so a bincika mana ko zangon kan dutse na cikin waɗanda take nufi, ko na cikin gari ne kawai. A duba mana rijiyar burtsatse da turken waya, don a daina hawa dutse cikin dare ana neman a ceci rai. Sannan muna roƙon fada ta yi kira a masallatan Juma'a a taimaka wa masu tsohon cikin nan su sauko Kumasi wurin dangi kafin watansu ya tsaya. Mun fara da abin da ke aljihunmu, bai isa ba.

Har yanzu dai hanyar, ranka ya daɗe. Idan ba za a samu komai ba cikin abin da muka lissafa, a ba mu hanyar. Samarinmu sun ce za su fasa dutse su yi leburanci ba lada, in dai za a kawo siminti da ƙarfe da injiniya. Wasunsu kuma sun fara maganar tare babban titin Mampong, dattawa ne suka danne su, suka ce a jira a ji daga bakin Sarki. Ba mu san iya tsawon lokacin da za su ci gaba da jin maganarmu ba.

Muna kuma roƙon Sarki ya aiko wakili ya yi wa iyayen mamaciyar gaisuwa, ya bi hanyar da ƙafarsa, ya dawo ya faɗa maka ko mun ƙara gishiri.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare shi daga sharrin masu sharri. Wassalam.

Talakawanka masu biyayya,
a madadin dattawa da mata da matasan zangon, na gida da mazauna Kumasi.